Yadda na sayi Lexus RX 450h ta hannu a Legas, da abin da ta ci mini bayan saye

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, har lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 a Legas cikin 'yan kwanaki, 'yan uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 suka fara tambayar juna game da motocin nan masu haɗa fetur da batir, waɗanda ake kira haibirid. Ina cikin waɗanda suka saya a ƙarshen 2023, kuma da yake har yanzu ana tare ni a masallaci da kasuwa ana tambayata ko motar tana da riba, na ga ya dace in rubuta abin da na tarar daki-daki. Motar tana rage shan mai da gaske, amma kuɗin da ta rage wa mutum a gidan mai ba nasa ba ne gaba ɗaya, domin wani kaso ajiya ce da za ta karɓa a dunƙule ranar da babban batir ko na'urar birki ta tsufa. Duk farashin da zan ambata shi ne abin da na biya ko aka yi mini tayi a lokacin, kuma kowa ya san yadda dala ke juya kuɗin kayan gyara.

Matakin farko shi ne zaɓi tsakanin RX 400h da RX 450h. Ta farkon an fara sayar da ita a 2005, tana da inji mai lita 3.3 wanda ke amfani da bel ɗin taimin da ake canjawa lokaci-lokaci, kuma a Amurka an taɓa kiran irinta gyaran inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir, a 2011 da 2013. Ta biyun ta fito ne daga samfurin 2010, injinta lita 3.5 ne mai sarƙa maimakon bel. Ta farkon ta fi araha sosai, sai dai yawancinsu sun doshi shekara ashirin, kuma waɗanda na gani a gari sun riga sun ratsa hannaye da yawa. Na tsaya a kan samfurin 2012 na RX 450h, tokumbo, wadda ba a taɓa yi wa lamba a Najeriya ba. Wani dillali ɗan garinmu ne ya raka ni kasuwar motoci ta Berger da ke kan titin Apapa zuwa Oshodi, inda motoci ke jere a rana iya ganinka, kowace an wanke ta tana ƙyalli, kuma kowane mai sayarwa yana rantsuwa cewa tasa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Kafin in je na riga na nemi bakanike wanda aikinsa ke nan, wato gyaran haibirid, kuma nemansa ya fi neman motar wahala. Kanikawan Toyota da Lexus suna ko'ina a Legas, amma wanda yake da kwamfuta mai manhajar Techstream ta binciken waɗannan motoci, wanda kuma ya san ma'anar abin da take nunawa, sai an tona. Na biya shi naira 20,000 kuɗin dubawa, ban da kuɗin motarsa, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya fi wannan amfani a kan motar ba. Motar farko da raina ya kwanta da ita baƙa ce, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ɗaga kujerar baya, domin a nan ƙarƙashinta babban batirin yake. Ya zura yatsa a wani lungu ya fito da busasshen laka, ya nuna mini tsatsa a kan ƙusoshin da ke riƙe da kujerar. Ya ce mini a hankali, “Alhaji, wannan ta sha ruwa, kuma an goge bayanan matsalolinta bai daɗe ba. Mu ƙara gaba.” Da muka sayi rahoton tarihinta ta intanet da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sai ga shi an yi gwanjonta a Amurka a matsayin wadda ambaliya ta lalata. Motar da na saya daga baya ba ta kai ta kyau ba, akwai tabon gyara a ƙofar baya, amma mil ɗin da agogonta ya nuna ya yi daidai da na rahoton, kuma da muka fita gwaji kwamfuta tana jone, rukunan batirin sun riƙe wuta kusan daidai da juna a lokacin taka totur da lokacin taka birki. Bakaniken ya gaya mini gaskiya cewa batirin yana da sauran rai amma ba sabo ba ne, in sa a raina cewa zan canja shi wata rana.

Daga nan sai takardun kwastan, kuma a nan ne mai sayarwa ya fara nuna gajiya da ni. Na ƙi biyan kuɗi sai an tabbatar da cewa lambar shasin da ke kan takardar shigo da kaya ita ce a jikin motar, kuma an biya harajin da ya dace da shekararta. Dalilina shi ne akwai motocin da ake rage wa shekara ko daraja a takarda domin a biya haraji kaɗan, kuma a cikin Legas mutum zai iya yin shekara ba wanda ya tambaye shi, amma ranar da ya kama hanyar Arewa zuwa sallah ko biki, a shingen kwastan ne za a sauke shi da iyalinsa. Tun 2022 hukumar ta koma kimanta harajin motoci ta lambar shasi, wanda ya sauƙaƙa gano irin wannan. Mun kai kwafin takardun ofishin kwastan, muka yi zaman jira mai tsawo a kan benci, aka duba lambar shigarwar a kwamfuta aka ce ta yi daidai. Sai a lokacin na tura kuɗin ta banki, naira miliyan 13 da ɗoriya, na karɓi rasit mai ɗauke da sunana da lambar shasi da ta inji, na kuma sallami dillali da la'adarsa.

Yin lamba bai yi wuya kamar yadda ake tsoratarwa ba, matuƙar takardu sun cika. A ofishin hukumar rajistar motoci ta jihar Legas an nemi takardun kwastan, rasit, katin shaida da adireshi. Tun daga bakin ƙofa masu shiga tsakani suke tare mutum suna cewa za su gama masa komai, kuma kuɗin da ɗaya daga cikinsu ya yanka mini ya kusan ninka abin da na biya da na shiga da kaina. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai, ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023 daga naira 5,000 da aka sani. Ni dai na ƙara kuɗi na yi cikakkiyar inshora a shekarar farko, domin fitilar gaba guda ɗaya ta wannan mota ta fi albashin wasu. Takardar ingancin mota kuwa tun 2022 ba a bayar da ita a Legas sai an kai motar cibiyar bincike ta kwamfuta, inda ake gwada birki, fitilu, hayaƙi da ƙafafu. Na je da sassafe, layi bai yi tsawo ba, kuma motar ta wuce. Abin da ya ɗan ba ma'aikacin wurin mamaki shi ne injin ya mutu da kansa a kan layi alhali motar tana kunne, sai da na nuna masa alamar READY a gaban direba.

Sabis na farko a garejin bakanikena aka yi shi, kuma a ranar ya kafa mini sharuɗɗan da har yau nake bi. Bakin mai 0W-20 take sha, kusan lita shida, ba mai kaurin nan da ake zuba wa kowace mota da sunan wai ƙasarmu akwai zafi ba. Kada a cire tamostat, kada a jona fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, domin injin haibirid yana mutuwa yana tashi ne bisa zafin da kwamfuta ta auna. Ya nuna mini cewa tankin ruwan sanyaya biyu ne a gaban motar, ɗaya na lagireton inji, ɗaya na inbata, wadda ke juya wutar batir mai bolt 288 ta ɗaga ta har kusan 650 domin tura motar. Ya buɗe murfin na inbatar motar tana kunne, ya ce in leƙa: ruwan hoda yana motsi a hankali, alamar ƙaramin famfon lantarkin yana aiki. Ranar da na leƙa na ga ruwan ya tsaya cik, in ji shi, kada in ƙara ko kilomita ɗaya, domin famfon kuɗinsa kaɗan ne, inbatar da zai ƙona kuwa kuɗinta ya isa sayen ƙaramar mota. Ruwan famfo ko na leda ba ya shiga ko ɗaya daga cikin tankunan. Wayoyin da ke da launin lemo kuma kada wani mai rewaya ya taɓa su, wutar da ke ciki tana kisa. A ƙarshe ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar da cewa indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, yana nan, ya gargaɗe ni kada in bar motar ta kwana a garejin da ban sani ba, saboda na haibirid yana da tsada a wurin masu saye.

Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai. Ina fita daga Agege zuwa cikin Eko kusan kullum, ta Oshodi da gadar Third Mainland, kuma a cikin gosulo ne motar take nuna amfaninta, domin injin yakan yi shiru ta riƙa tafiya da batir, na'urar sanyaya ciki kuma ba ta tsayawa tunda da lantarki take aiki. A ma'aunin Amurka irin wannan mota tana yin kusan kilomita 12 da lita ɗaya, RX 350 mai fetur zalla kuwa ba ta kai 9 ba. A titunan Legas ban taɓa samun wancan adadi ba, ina samun 10 zuwa 11, amma abokina mai RX 350 da muke bin hanya ɗaya yakan shiga gidan mai sau uku kafin in shiga sau biyu. Da fetur ya haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa a ƙarshen 2024, bambancin ya zama kuɗi na gaske a kowane wata. A babbar hanya, kamar ta Ibadan, ratar tana raguwa sosai, domin a can injin ne ke yin yawancin aikin.

Matsala ta farko ta zo a zafin watan Maris, lokacin da sanyin cikin motar ya ragu. Bakanikena ya yi tafiya, sai na tsaya wurin wani mai gyaran na'urar sanyi a bakin titi. Ya gano inda gas ke zuba, ya gyara, sannan ya ɗauko wata kwalba zai zuba mai a kwampreso. Na ce ya ba ni in gani. Man da ake zuba wa motoci na yau da kullum ne. Na ce masa wannan motar ND-11 take sha, ya yi dariya ya ce, “Oga, mai ai mai ne, shekarata nawa a wannan aiki.” Ban yi musu da shekarunsa ba, amma na hana. Kwampreson haibirid yana da injin lantarki a cikinsa wanda man ke taɓawa, kuma man da ba nasa ba yana iya sa wuta ta riƙa zurarewa zuwa jikin mota, kwamfuta ta gano, ta ƙi barin motar ta tashi. Wanke wannan kuskure yakan kai ga canja kwampreso da sauran kayan layin. Na biya shi ladan aikinsa, na jure zafi har bakanikena ya dawo da man da ya dace.

Damina ta zo da nata darasin. Motar tana da tsayi, kuma tsayin yana yaudarar mutum ya shiga ruwan da ƙananan motoci suka tsaya a bakinsa, alhali batirin yana ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin kujerar baya. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na gwammace in makara da in kutsa. A cikin daminar ne wata safiya na danna maɓalli motar ta ƙi nuna READY, fitilu suka riƙa ƙyaftawa, gabana ya faɗi na ɗauka babban batirin ne ya tafi. Ashe ƙaramin batir ne mai bolt 12 da ke cikin but, wanda ba ya tayar da inji kamar na sauran motoci, kwamfutoci kawai yake kunnawa, shi ya sa ba ya ba da alamar rauni kafin ya mutu. Sabo ya ci mini kusan naira 90,000. A ranar ne kuma na ji cewa ba a jan wannan mota da igiya ko a ɗaga gabanta kawai, sai janwe mai ɗaukar mota gaba ɗaya a bayansa, saboda ƙafafunta suna haɗe da injinan lantarki.

Babban batirin ya fara nuna tsufa bayan motar ta shekara a hannuna. Alamar cajin da ke gaban direba ta riƙa cika da sauri tana zubewa da sauri, injin ya daina yin shiru a gosulo, fankar da ke bayan kujera ta fara ƙara kamar ana hura wuta, shan mai kuma ya ƙaru. Wata rana da yamma a kan hanyar Ikorodu saƙon gargaɗin tsarin haibirid ya fito, motar ta yi nauyi, na lallaɓa da ita zuwa gareji. Kwamfuta ta nuna P0A80, lambar da ke nufin batirin ya kai a canja shi. Da aka kwance kujerar aka fito da shi, bayan bakaniken ya sa safar hannu ta roba ya zare filogin tsaro ya jira, na ga abin da ban zata ba: hanyoyin iska da fankokin sun toshe da ƙura, gashi da guntayen leda. Batirin guda 30 ne ƙanana aka jera, kuma iskar cikin motar ce ke sanyaya su ta ƙofofin da ke ƙasan kujerar baya, wurin da yara ke zubar da ledar biskit, manya kuma ke tura darduma ko jaka. Zafi ne babban makashin irin wannan batir, garantin kamfani na shekara 8 kuwa ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa.

Zaɓi uku aka ajiye a gabana. Na farko, a canja ƙananan da suka mutu kawai, abin da bai kai naira 200,000 ba. Bakaniken bai ɓoye mini ba cewa wannan kamar yin faci ne a tsohuwar riga, ka ɗinke nan can ya yage, domin sauran ma shekarunsu ɗaya, kuma bayan 'yan watanni wani zai faɗi. Na biyu, a sayi cikakken batir na tokumbo a kasuwar Ladipo da ke Mushin, inda aka yi mana tayi daga naira miliyan ɗaya zuwa sama. Na uku, sabo fil, wanda sai an yi oda da dala, a lokacin da dala ta riga ta haura naira 1,500, kuma kuɗin ya ninka na tokumbo fiye da sau biyu. Na zaɓi na biyu, amma da sharaɗi. Mun shiga Ladipo tare da bakaniken da na'urar awonsa, muka ratsa layuka cikin laka da bakin mai, yara 'yan kamasho suna jan hannun rigata. Mun nemi wanda aka ciro daga motar da ba ta kai tawa tsufa ba, bakaniken ya auna ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kuma mai kayan ya yarda a rubuce cewa za a ɗaura a gwada, idan kwamfuta ta nuna rauni cikin wa'adin da muka yanka zai karɓi abinsa. Ya kuma rage mini wani abu a madadin tsohon nawa. Da kuɗin aiki da wanke fankoki, na kashe kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, wato kusan duk abin da na yi tattalinsa a fetur tun ranar da na sayi motar. Na ji zafin fitar kuɗin, amma da yake an gaya mini tun a Berger, na riga na ware wani abu, ban ci bashi ba.

Birki ne ya biyo baya, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Takalman birkin wannan mota suna daɗewa ƙwarai, domin yawancin rage gudu injin lantarki ne ke yi yana mayar da wuta cikin batir. Amma akwai wata na'ura mai famfo da ke tara ƙarfin man birki, kuma idan ta tsufa takan fara zubar da ƙarfin a cikinta. Alamar farko ita ce wani ƙugi gajere daga gaban motar, wanda da can nake ji jefi-jefi, ya koma kowane ɗan lokaci ko ban taka birki ba. Ban jira fitilun gargaɗi na ABS da VSC, wato na birki da na hana santsi, sun kama ba, na kai ta, kwamfuta ta nuna C1391. Na tokumbo ya ci mini kusan naira 450,000 da aiki. Ba aikin da ake yi da sifana kaɗai ba ne, domin bayan an ɗaura sai an fitar da iska an kuma daidaita na'urar da kwamfuta, kuma duk wanda ya ce zai yi maka ta hanyar “taka, riƙe” da aka saba, ka ɗauke motarka. Sauran abubuwan da suka taso, kamar shakazoba, bushin da famfon ruwan inji da ya fara tsatsafa, irin na kowace RX ne da ke bin ramukan Legas, kayansu suna samuwa, kuma yawancinsu ɗaya ne da na RX 350. Tayoyi masu inci 18 ko 19 ma ba su da araha, huɗu a lokaci guda sukan girgiza aljihu.

Wanda ke niyyar saye, ya nemi bakaniken kafin ya nemi motar, kuma ya je garejin ya ga irin motocin da ke ajiye a wurin da idonsa. Kada ya biya ko sisi sai an jona kwamfuta an fita gwaji, an ɗaga kujerar baya, an sayi rahoton lambar shasi, an kuma tabbatar da takardun kwastan. Idan kuɗinsa iya na sayen motar ne cif, a ganina ya haƙura ya sayi mai fetur zalla ko ƙaramar haibirid, domin wannan tana buƙatar a ajiye mata aƙalla kuɗin batir da na birki a gefe tun ranar farko. Ya riƙa sa a wanke fankokin batir duk shekara, musamman bayan hunturu, ya hana a toshe ƙofofin iskar, ya kuma guji ajiye motar makonni ba a kunna ta ba, domin zama yana kashe batiran biyu. Ya kuma dubi irin tafiyarsa: mai yini a gosulon Legas zai ga ribar, amma wanda yawancin tafiyarsa doguwar hanya ce zuwa Kano ko Sakkwato ba zai rage mai sosai ba, kuma idan saƙon gargaɗi ya fito masa tsakanin Jebba da Mokwa, zai yi wuya ya sami mai kwamfutar da zai karanta shi a kusa. Saboda haka kafin kowace tafiya gida nakan kai ta a duba rukunan batir da famfon inbata, in kuma ɗauki ƙaramar na'urar karanta matsala da ke haɗuwa da waya, domin in iya tura wa bakanikena lambar da ta fito ya gaya mini ko in ci gaba ko in nemi janwe.